Ƙyallen Mama a Ƙugun Pwajok

"Ya zo in ya ga dama, ƙofa a buɗe take. Amma goro ba zai fashe a hannuna saboda shi ba."

Oga Sylvester ne ya yi wannan magana ranar Asabar da safe, yana ɗaure takalmi zai tafi shagonsa na kayan gyaran mota a Bukuru. Ba 'yarsa Adaugo ya faɗa wa ba. Ƙanwarsa Ulonma ya faɗa wa, amma da ƙarfi, yadda maganar za ta shiga kicin ta sami mai ita.

Ta kuwa same ta. Adaugo ta ajiye ludayi, ta dafa bango, hawaye ya zubo.

Haka gidan ya koma tun ranar da ta buɗe baki ta ce ita Pwajok take so. Uban ya daina yi mata magana. In ta gaishe shi, sai ya amsa wa bango. In ta yi girki, sai Anti Ulonma ta juye a wani kwano ta rantse ita ta dafa, sannan ya ci. Akwai wata baƙar leda da Adaugo ta rataye masa a ƙusar bakin ƙofar ɗakinsa, inda yake rataye hula. Da ya ji daga hannunta ta fito, bai buɗe ba, bai kuma cire ba. Wata ƙusar ya buga a gefe ya mayar da hularsa can.

Mutumin ba mugu ba ne. Taurin kai gare shi, ga kuma ciwon rashin mata da bai warke ba. Dalilinsa guda ne, bai ɓoye wa kowa ba. Adaugo 'yar fari ce, a wurin Ibo kuma 'yar fari ba ƙaramar kujera ba ce. Ranar da uba ya kwanta dama, ita za ta tsaya a kansa a can garinsu. Ya ce in ta auri ɗan Filato ta dasu a nan ke nan kamar dutse, 'ya'yanta ba za su san hanyar gida ba. Ga Valentine nan ɗan garinsu, mai kyamis kusa da shagonsa a Bukuru, da motarsa, da gininsa a ƙauye har an kai linta. Me kuma ake nema?

Ita kuwa ba yarinya ba ce da za a ja da igiya. Ta mallaki hankalinta, tana da shagon ɗinkinta a Tina Junction, tana ci da kanta. Da ta so, da tuni ta bi Pwajok an yi an gama. Amma ta rantse ba ta fita gidan nan sai da albarkar ubanta. In bai sa ba, ta zauna haka, ba Pwajok ba Valentine. Irin waɗannan mata sun yi ƙaranci, in ka ga ɗaya ka girmama ta.

Wanda bai zauna da Ibo ba zai ce mene ne abin kuka a goro. To a wurinsu goro ba abin tauna ba ne kawai. In baƙo ya shigo, maigida ya ɗauki goro ya yi addu'a ya fasa, an karɓe shi ke nan. In aka bar goro a faranti har baƙo ya tashi, an kore shi ba tare da an zage shi ba.

Gobe Lahadi kuma Pwajok zai zo da kawunsa.

* * *

Akwai abin da ya faru kafin wannan Lahadi, in ba a faɗe shi ba sauran ba zai shiga kai ba.

Shekarar korona ce, an ɗan sassauta kulle, kasuwa ta fara ci. Kowa da takunkumi a baki, kowa da 'yar kwalbar sanitaiza. Pwajok kayan gwari yake sayarwa a Farin Gada. Da dako ya fara har ya kafa rumfarsa, amma har yau in mota ta iso masu sauke kaya sun yi kaɗan, sai ya tuɓe riga ya sa kafaɗa. Dogo ne, baƙi, faffaɗan ƙirji, maganarsa kaɗan, alƙawarinsa kamar ƙusa a katako.

Matsalarsa kwalbar nan. A aljihun wando yake sa ta, kwandon tumatir ya daki cinyarsa, ta fashe. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ran nan da yamma ya shigo shagon Adaugo gefen wandonsa a jiƙe, yana ƙamshin asibiti.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye shi ko ya koma shan giyar ogogoro ta aljihu ne. Ya ce ta yi ta dariya, wayarsa ce ta kusa mutuwa, in ta mutu ya ga da me za ta riƙa damunsa da kira.

"Miƙo sabuwar kwalbar," in ji ta.

Ta tsayar da ita a tebur, ta zagaye cikinta da tef, ta auna daga gindi zuwa wuya, ta ƙara faɗin yatsa biyu saboda kalmasa. Sannan ta jawo aljihun keke za ta ɗauko alli, sai hannunta ya tsaya.

Wani ƙyallen atamfa ne a ninke a ciki, kore shar, da ƙananan tsuntsaye masu ruwan ɗorawa. An riga an yanki rabinsa.

Marigayiya Mama Ada, mahaifiyar Adaugo, ita ta kafa wannan shago, keken ma nata ne. Tana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta sani. Duk atamfar da ta ɗinka wa kanta, ƙyallen da ya rage na mijinta ne. Yau hankici, gobe 'yar jakar makulli. Ranar Lahadi in ta ɗaura zane za ta coci, sai ka ga bakin irinsa yana leƙowa daga aljihun Oga Sylvester. 'Yan kasuwar Bukuru har tsokanarsa suke, wai an yi masa shaida kamar akuya don kar ya ɓata. Ita kuwa cewa take, namijin da ya yarda ya ɗauki ƙyallenki ya ɗauki sunanki.

Wannan mai tsuntsayen ita ce atamfarta ta ƙarshe. Sau ɗaya ta ɗaura, ciwo ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Adaugo ta san duk wannan. Ga buhun ƙyallayen kwastomomi nan cike a gefe, kowane launi akwai. Ta kalli buhun, ta kalli Pwajok yana goge wayarsa da bakin riga kamar mai jinyar jariri. Ta ɗauki almakashi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar nan hannu gare ta, wannan ba sai an yi gardama ba. Ta yanka ƙyallen, ta yi masa shafi da guntun kaki mai kauri ko da kwalba za ta yi yoyo. Ta kifa fuska da fuska ta bi da keke, ta naɗe kusurwoyin gindi ta ɗinke don jakar ta zauna daram ba ta lanƙwashe ba. Ta juya shi, ta tura lungunan da bakin almakashi, ta danne da dutsen guga. A bakin jakar ta zura roba ta tsuke daidai wuyan kwalba, yadda murfi zai kasance a waje, babban yatsa ya buɗe ya rufe ba sai an ciro ba. Maratayin ta fi ɓata wa lokaci. Ta ninke ragowar ya zama siriri kamar igiyar agogo, ta bi shi da ɗinki, ta dawo ta sake bi, ta kafa masa maɓallin ƙarfe irin na dannawa.

Ta ce ya ɗaga rigarsa. Ta maƙala masa a bel ta can gefe wajen baya, inda kwando ba ya kaiwa. Ta ce ya yi tsalle. Ƙaton mutum ya yi tsalle a tsakiyar shago, mata masu gasa masara a bakin titi suka kwashe da dariya, kwalba ko motsi.

Ya shafa tsuntsayen da yatsa, ya ce ƙyallen nan ya fi ƙarfin mai tumatir.

"Kar ka yar. Shi ke nan abin da na roƙe ka," ta ce, idonta a kan keke.

Ba ta gaya masa na wane ne ba. Daga baya abokansa na Farin Gada suka yi ta tururuwa kowa yana son irinta, ta ɗinka musu daga buhun ƙyallaye har ta gaji. Amma mai tsuntsaye a duk kasuwar ƙugu ɗaya ce ta hau.

* * *

Ranar Lahadi an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi irin na Jos mai shiga ƙashi. Valentine ya riga kowa zuwa, ba kuma wanda ya gayyace shi sai Anti Ulonma. Ya shigo da kwali guda na sanitaiza kyauta ga surukin da yake fata, har da 'yan maratayan roba masu launi-launi irin na kanti. Ya ja kujera ya zauna dab da maigida kamar ɗan gida.

Can sai ga Pwajok da kawunsa, wanda ake kira Da Natana'el don girmamawa irin ta wurinsu, tsohon malamin makaranta mai dogara sanda. Sun zo da buhun dankalin Turawa da kabeji da ƙullin acca. Pwajok ya sa kwat, ta ɗan matse shi a kafaɗa. Adaugo ta leƙa ta bayan labule, ta ga kwat ɗin ta rufe ƙugunsa, ta sauke ajiyar zuciya. Sai a lokacin ta tuna ba ta ce masa ya bar abin a gida ba.

Ba a yi musabaha ba saboda ciwon da ake gudu. Aka buɗe taga, aka ja kujeru nesa da juna, aka gaisa da baki. Anti Ulonma ta kawo goro a farin faranti ta dire a gaban yayanta, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Valentine bai iya shiru ba. Ya kira Pwajok abokina mai kwando, ya tambaye shi nawa tumatir yau, ya ce ai sana'a ce mai kyau in mutum ba ya gudun wari. Pwajok ya ce tumatir ya yi tsada saboda ruwa, amma in oga yana so zai zaɓar masa masu kyau.

Da Natana'el ya gyara takunkuminsa ya ce, "Ɗana, ko maganin da kake sayarwa, ai sai an ci abinci ake sha."

Valentine ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Tsohon ya juya ga maigida ya faɗi abin da ya kawo su, a tsanake, cikin ladabi. Ya ce sun ga tarbiyya a gidan nan, sun ga hannu mai albarka, sun zo su ƙwanƙwasa ƙofa. Oga Sylvester ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya kama zancen ruwan sama, ya koma zancen hanyoyin da aka rufe, ya koma tsadar ƙarfe. Goro yana nan a faranti, ko kallonsa bai yi ba.

Adaugo tana bayan labule tana cizon yatsa.

Sai wani ƙuda ya sauka a kan goron. Oga Sylvester ya miƙa hannu zai kore shi.

Pwajok bai ga ƙuda ba, hannu ya gani ya nufi faranti. Adaugo ta taɓa gaya masa abin da fasa goro yake nufi, zuciyarsa ta ce masa lokaci ya yi. Ya tuna goron nan kowa zai sa a baki, ga ciwo a gari, ga tsofaffi biyu a ɗakin. Ya miƙe, ya buɗe kwat, ya ɓalle maɓallin, ya durƙusa a gaban maigida ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, a ɗan tsaftace hannu tukuna."

Ladabi ya yi niyya, Allah ya sani. Amma abin da ya kai gaban idon mutumin nan, tsuntsaye ne masu ruwan ɗorawa a kan kore.

Hannun Oga Sylvester ya tsaya a iska. Ya daɗe yana kallo.

"A ina ka samo wannan?"

"Ada ce ta ɗinka mini, Baba."

Anti Ulonma ta matso ta duba, ta ɗora hannu biyu a ka. Ita Hausarta ba ta san mace da namiji ba, amma kowa ya gane. Ta ce yarinyan nan ya kashe su, ya yanka zanen uwansa ya ba mai tumatir. Valentine ya girgiza kai, ya ce abin kunya, ga na roba nan cike da kwali, me ya kai mutum taɓa kayan mamaci?

"Adaugo."

Rabon da ta ji sunanta a bakin ubanta har ta manta. Ta fito daga bayan labule, ta zube a gabansa.

Bai yi ihu ba. Da Hausa ya yi magana don baƙin su ji, muryarsa ƙasa-ƙasa, kuma wannan ya fi ihu ciwo.

"Ƙyallena ne. Tun da na auri matar nan ba ta taɓa ɗinka zane ta hana ni ragowarsa ba. Wannan shi ne na ƙarshe. Na buɗe akwatinta na nema. Na ɗaga katifa na nema. Na ce ko ciwo ne ya sa ta manta da ni. Ashe yana ƙugun wani yana yawo cikin ruɓaɓɓen tumatir."

Adaugo ta fashe da kuka.

Pwajok ya kalli Adaugo, ya ga yadda take kuka, ya gane. Ya zare kwalbar daga jakar, ya shafe ƙyallen a tafin hannunsa ya miƙe sumul, ya ɗora a gwiwar dattijon.

"Ban sani ba, Baba. Da na sani da ban kai shi kasuwa ba. Naka ne, ga shi." Ya ɗago kai. "Ƙyallen na mayar. Maganar da ta kawo ni ban mayar ba."

Namiji ke nan. Ba faɗa, ba gudu.

Adaugo ta rarrafo ta kama ƙafar ubanta. Ya so ya janye, ta riƙe.

"Papa, Mama ba ta manta da kai ba. A aljihun keke ta ajiye, a shago, inda ka ƙi taka ƙafa tun da ta rasu. Har ta zana hankicin da alli, ɗinkawa ce kawai ba ta samu ba."

Ya rufe ido.

"Na san naka ne, shi ya sa na raba shi biyu. Naka na fara ɗinkawa, tun kafin shi ya zo mini da aljihu a jiƙe. Na ga hankici ba zai tsare ka daga ciwon nan ba. Kullum kana cikin bas ɗin Bukuru a matse da mutane, kana taɓa ƙarfen da kowa ya taɓa, ga hawan jini, an ce ka riƙe sanitaiza ka ce kai ba mace ba ce da za ka yi yawo da kwalba. Na ce in ka ga zanen Mama ne za ka ɗauka. Na rasa uwa, Papa, ban shirya rasa uba ba."

Kuka ya ci ƙarfinta, ta tsaya ta ja numfashi.

"Yana ina?" ya tambaya.

"A ƙusa. Inda ka ɗauke hularka."

Anti Ulonma ta sauke hannu daga ka a hankali.

"Ɗaya rabin fa?" in ji uban.

Adaugo ta share hawaye da bayan hannu, ta ɗago ta kalle shi ido cikin ido.

"Ɗaya rabin ba kuskure na yi ba. Na san abin da yake nufi a gidan nan, na kuma yi. Shi bai san komai ba, kar ka ga laifinsa. In ka ce a'a, Papa, ba zan bi shi ba, zan tsufa a kan keken Mama ina dafa maka abinci. Amma kar a kawo mini wani a ce in ba shi ƙyalle. Babu saura."

Valentine ya gyara zama, ya duba agogonsa.

* * *

Oga Sylvester ya tashi, jakar Pwajok a hannunsa. Ya taka zuwa bakin ƙofar ɗakinsa kamar mai ɗauke da buhun siminti. Ledar tana nan, har ta yi ƙura. Ya sauke ta, ya dawo ya zauna, ya kwance.

Ga ta nan, 'yar uwar ɗayar, da kwalbarta a ciki, sabuwa fil. A jikin shafin ta ciki, in ka ɗaga bakin, har yanzu ana ganin ɗan layin farin alli.

Ya sa babban yatsa a kan layin ya bar shi a nan.

Sannan ya jera su biyu a gwiwarsa. Tasa kore shar. Ta Pwajok ta ɗan koɗe saboda wanki, amma tas take, ko ɗigon tumatir babu. Ya juya ta, sai idonsa ya faɗa kan maratayin. An ɗinke shi da farin zaren buhu, manyan ɗinki karkatattu kamar haƙoran tsohuwa.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

Pwajok ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Ya ce ƙugiyar mota ce ta fizge shi wata rana ana sauke kabeji, jakar ta faɗa cikin taɓo ƙarƙashin motar. Ya hana direba tashi, ya shiga ƙarƙashi da rub da ciki ya lalubo ta, direba yana zaginsa. Ya wanke, ya ari basilla wurin masu ɗinkin buhu ya ɗinke da kansa, don Ada ta ce kar ya yar, ya ji kunyar ya kai mata a tsinke.

Oga Sylvester ya daɗe yana kallon ɗinkin nan. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa.

"Ni hankici nawa na yar a bas," ya ce, kamar da kansa yake. "Matar nan ta yi faɗa har ta gaji. Ko sau ɗaya ban taɓa bin mota ba."

Ya miƙe ya ɗaga rigarsa zai maƙala tasa a bel. Maɓallin ya ƙi shiga. Valentine ya zabura zai taimaka, dattijon ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya sake gwadawa, ya ƙi.

Pwajok yana durƙushe bai tashi ba. Ya ce a hankali, Baba ta ƙasa ake zurawa, sannan a danna. Dattijon bai ce zo ba, bai kuma ce kar ka zo ba. Ya dai saki hannunsa ya kalli silin.

Pwajok ya matso a kan gwiwa, ya zura maratayin ta ƙarƙashin bel, ya danna. Maɓalli ya ce ƙyat.

Oga Sylvester ya koma ya zauna. Ya ɗauki koɗaɗɗiyar ya jefa wa Pwajok a ƙirji.

"Ɗauki abinka. Ka kai mata ta warware wannan ɗinkin, yana zubar wa shagon matata mutunci." Ya nuna shi da yatsa. "Ka saurare ni da kyau. Ranar da hanya ta buɗe, za ka bi ni garinmu. Ka ga inda uwarta take kwance, ka ga inda za a kwantar da ni. Ka san hanyar nan da ƙafarka, 'ya'yanka ma su sani. In ba za ka iya ba, faɗa yanzu."

"Zan iya, Baba. Ni zan ɗauki kayanka."

Da Natana'el ya ce shi shaida ne, in yaron ya saɓa, da wannan sandar zai kora shi har can.

Anti Ulonma ta fara magana da yarensu da sauri-sauri, ana jin sunan uwar Valentine a ciki, ana jin sunan ƙauye. Valentine ya ɗauki makullin motarsa, ya ce shi ba yaro ba ne da za a kira a yi wa wasa da hankali, dattawan gida za su ji wannan maganar yau ɗin nan, a ga ko 'yar fari tana aure ba da saninsu ba.

"Su ji," in ji Oga Sylvester. "Ka bar kwalin ko ka ɗauka, duk ɗaya."

Ya ɗauka. Ƙofa ta bugu, mota ta tashi.

Dattijon ya kai hannu ƙugunsa, ya ɗaga murfin da babban yatsa kamar ya saba, ya matsa a tafinsa. Ya yamutsa fuska saboda warin, ya murza hannu biyu har tsakanin yatsu. Sannan ya ɗauki goron ya ɗaga shi sama.

A wurinsu goro ba ya jin kowane yare sai nasu, don haka da Ibo ya yi addu'ar. Pwajok bai gane ko kalma ɗaya ba, sai sunaye. Ya ji sunan Ada. Ya ji sunan marigayiya, a nan muryar ta karye ta sake tashi. Can wajen ƙarshe, a karkace, da bakin da bai saba ba, ya ji nasa.

Goro ya ce ƙas.

Adaugo ta kifa kai a gwiwar ubanta tana kuka mara sauti. Ya zuba ɓarin goron a faranti ya tura gaban Da Natana'el. Bai kalle ta ba, amma hannunsa ya sauka a kanta ya tsaya.

"Ada, tashi ki zubo wa baƙi abinci. Nawa ma ki kawo da hannunki. Ulonma ta gaji da ƙarya."